Yadda Na Baro Akwatina A Kotonu

Yau wata biyu ke nan da dawowata daga Dahome, kuma ban taɓa gama riga ɗaya ba tare da wani ya leƙo rumfata ya tambaye ni yadda Kotonu take ba. Wani ya ce da gaske teku ba ta da ƙetare? Wani ya ce da gaske Isufu ne a hoton nan? Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta ƙarshe, wadda suke yi suna ɗan murmushi: "Garba, ina akwatinka?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu. Zan faɗe shi sau ɗaya, daga fari har ƙarshe, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi ɗinkina.

Ga wanda bai san ni ba, ni maɗinki ne a bakin tashar Gaya, kuma ni ne mai bas, wato mai kaɗa babbar murya ta ƙasa, a orkes ɗinmu, ƙungiyarmu ta kiɗan zamani. Mu biyar ne, muna kaɗa wa malaman lakwal, wato makarantar boko, da ma'aikatan bariki bal, rawar dare, ranar Asabar. Bas ɗina akwatin ganyen shayi ne da ya fito daga Kamba, ƙasar Ingilishi. Ana kife shi, a huda tsakiyarsa, a zura igiyar masunta, a ɗaure ɗaya bakin a kan doguwar sanda. Sai ka taka akwatin da ƙafa, in ka ja sandar baya igiya ta ɗame murya ta hau, in ka sassauta ta sauka. Shekara bakwai ina tare da shi. Daga Gaya har Tunuga, in an ce Mai Akwati an san wanda ake nufi.

Isufu ɗan kawuna ne, taubashina. A kan wannan akwati na koya masa kiɗa, kuma Allah ya sani na sha wahala, don a lokacin kunnensa da hannunsa ba sa ga maciji. Shekara uku da suka wuce ya bi wata kamiyo, babbar motar kaya, ya yi kudu. Sai bana ga hoto ya iso: Isufu cikin kostim, kwat irin ta Turawa, da karabat ɗaure a wuya, ya rungume wata kontirbas ta gaske, babban gogen Turawa, mai igiya huɗu, wadda ta fi shi tsawo. Hoton ya zaga tasha, ya zaga kasuwa, har ya yi baƙi da yatsun mutane. Tare da shi akwai takarda. Ya ce shugaban orkes ɗinsu, wani Papa Kosi, aiki ya yi musu yawa, yana neman mai bas na biyu, in zo a gwada ni.

Na gaya wa kowa zumunci zan je. Gaskiyar magana, gurbin nan nake so, kuma ina so mutanen Kotonu su ji hannuna su ji na Isufu, su gane da kansu wanda ya koya wa wani. Daren da hoton ya zo ban ci tuwo ba, matata ta ɗauka zazzaɓi ne.

Na rufe rumfa ranar Litinin, na ɗora akwati a ka, sanda a hannu, na gangara bakin Kwara. Ana ta aikin gada amma ba a gama ba, don haka bak muka shiga, babban jirgin fito, mu da kamiyo biyu da jakuna. A nan na gamu da Inna Gambi, wata dattijuwar Dendi mai fataucin albasa zuwa Kotonu. Tun kafin mu gaisa ta zauna a kan akwatina. Na ce, "Inna, wanga abin kiɗi na." Ta ce, "To, ai ba ka kiɗi yanzu, ɗana." Ba ta tashi ba sai da muka taka ƙasar Malanbil.

A Malanbil wani gardi mai tsaron iyaka ya tsayar da ni. Ƙasar Faransa muka baro, ta Faransa muka shiga, amma idonsa ya faɗa kan rubutun Ingilishi da ke jikin akwatin.

"Mi ke ciki?"

"Ba komi, shef."

"Ba komi, kuma ka ɗauko shi tun daga ƙetare? Ina ka ɓoye shayin?"

Na kife masa shi, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina. Bai yarda ba, wai ƙila gindinsa biyu ne. Sai Inna Gambi ta ce in kaɗa masa mana ya ji. Na kafa sanda a tsakiyar rana, na taka, na saki wata rumba da muka kwaikwaya a faifan fono. Ban yi nisa ba kafaɗun gardin suka fara motsi, abokinsa ya fito daga rumfa yana tafi. Ya sallame ni har da ba ni goro. Na hau kamiyo kaina ya kumbura, ina ce wa raina haka za a yi a Kotonu.

Kamiyon albasa ce, mu goma sha wani abu a saman buhuna. Wanda bai wuni a kan albasa cikin rana ba kada ya ce mini ya san tafiya. Kafin Kandi ƙafa ta fashe sau biyu, bayan Kandi ruwan sama ya same mu, shofer ya jefo mana tamfol ɗaya muka dunƙule a ciki, warin albasa da na mutane suka haɗu. Ni ban rufe kaina ba, akwatin na rufe da babbar rigata. Duk inda muka tsaya nakan ciro hoton in duba. Can Inna Gambi ta ce, "Tun Kandi ina lura da kai. Ɗan uwanka ne, amma ba ka taɓa kallon huskarshi ba, babban gogen ga kake kallo." Na ce ido ne ke mini ciwo. Ta ce ta san irin ciwon, ba a ido yake ba.

A Paraku muka sauka a zango, gidan wani mai masauki mutumin Dogonduci da ya yi shekara talatin a can. Ya ba mu sakwara da miyar gyaɗa, da wani cuku mai laushi da ake soyawa, suna ce masa wagashi. Wannan kam na yaba, har na ƙara. Amma da safe aka kawo akasa, tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, sanyi ƙalau. Na ɗauka ya kwana ne ya lalace, na tura gefe a hankali don kada in kunyata maigida. Ya ce haka ake yin sa, kuma gara in saba, don daga nan har teku shi ne furar mutane. Na ci ina tuna furar gidanmu, raina a ɓace.

Daga Paraku jirgin ƙasa muka shiga, karo na farko a rayuwata. Wuni guda yana tafiya yana tsayawa, kowace tasha mata su taso da ayaba da abarba da soyayyen kifi suna miƙowa ta taga. Na lura a ƙasar nan mata ne ke riƙe da kasuwa, kuma ba sa sunkuyar da kai in suna magana da namiji. Na ga tsofaffinsu da lofe a baki. Na ga yaro ya kwanta rub da ciki don ya gai da babba, abin da mu durƙuso ya ishe mu. A ƙofar gidaje da yawa akwai ɗan tudun ƙasa da aka zuba wa manja da gashin kaza, Inna Gambi ta ce in kiyaye ƙafata kada in taka. Ita kuwa tun daga Paraku har Kotonu a kan akwatina take zaune.

Isufu ya tarye ni a tashar jirgi. Na so a ce ya rame, ko in ga takalminsa ya yage. Ina! Ya yi ƙiba, ya yi haske, ga agogo a hannu. Ya rungume ni da farin ciki na gaske, abin da ya ƙara ɓata mini rai.

"Taubashi, ka iso lahiya? Har da tsohonmu ka taho?" Ya shafa akwatin yana dariya. "Bawan Allah, shina nan da ranshi."

Daga tasha zuwa zango, mutum bakwai na ƙirga da suka kira sunansa. Wata mai sayar da kifi ta ƙara masa biyu kyauta. Ɗakinsa na kwano ne, da gado na ƙarfe, da fono nasa na kansa da tulin fayafayai: haylaif na Gwalkwas, rumba ta Kongo, da kiɗan Kuba wanda ya ce shi ya fi so yanzu, wai a nan mai bas yake nuna kansa. Mu a Gaya faifai uku muke da su, ɗaya ma ya tsage. Sa'an nan a kusurwa, wuri mafi kyau a ɗakin, nesa da taga, ga ta nan a jingine cikin rigar zane. Ya buɗe ta a hankali. Ja ce, tana sheƙi, ƙugunta kamar na tulu. Ya ce ta Papa Kosi ce, a jirgin ruwa ta zo, babu irinta sai biyu a garin. Ya ɗan taɓa igiya ɗaya, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Ni a tabarma na kwana bakin ƙofa, akwatina kuwa a waje ƙarƙashin zubin ruwa, don ɗakin ba zai ɗauke mu duka ba.

Kwana biyu ana ruwa. Ya kai ni na ga teku, kuma gaskiya ne ba a ganin ƙetarenta, ga amsarku. Ya kai ni gidan Papa Kosi, wani tsoho mai busa kakakin Turawa. Ya yi aikin gidan waya a Damagaram yana saurayi, don haka yana jin Hausa tsaf. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ranar Asabar da hantsi zai gwada ni a kan kontirbas, don da la'asar suna da aiki, bikin mutuwar wata attajira. Na ɗauka ban ji daidai ba. Isufu ya ce haka ne, a nan in babba ya mutu dangi sukan ɗinka zane iri ɗaya, a kafa rumfuna, a kira orkes a yi rawa. Na ce mu a Gaya ko ganga aka ji kusa da gidan makoki sai an yi shari'a.

A kwana biyun nan Isufu ya nuna mini inda ake sa yatsu. Da farko duk lokacin da na so murya ta hau sai in fizgi wuyanta baya kamar sandata, shi kuwa ya riƙe ciki yana dariya. Amma kunnena yana da kyau, wannan ko maƙiyina ya sani, kafin Juma'a na kama waƙa biyu. Abin da ya dame ni, sai na ji muryarta ta dushe, ta yi nauyi saboda laimar garin. Ni kuwa na san maganin wannan tun ina yaro. A garinmu in damina ta sauka, makaɗi yakan fitar da gangarsa ya shanya, mai molo ma haka, ni kaina kowace Asabar sai na shanya akwatina kafin bal, ya bushe ya yi kauri.

A nan ne zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Na yi niyyar in ce wa Isufu mu shanya ta, sai na haɗiye maganar. Na ce a raina, in ya ji wannan dabara shi ma zai amfana. Bari in yi ta ni kaɗai, Papa Kosi ya ji kontirbas ɗinsa ta yi wata murya a hannuna wadda ba ta taɓa yi a hannun Isufu ba.

Ranar Asabar gari ya waye tas, rana ta fito da ƙarfinta. Isufu ya tafi karɓo rigunan orkes wurin mai guga. Yana fita na cire mata riga, na kai ta tsakar gida, na jingina ta da bangon kwano inda rana ta fi bugawa. Na tafi neman koko, na tarar da wasu mutanen Dosso a bakin masallaci, hira ta yi daɗi. Da na dawo, tun daga zaure na ji wani ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na tarar cikinta ya rabu da gefenta, har hannu zai shiga. Wuyan ya sunkuyo, igiyoyi sun kwanta, ɗan itacen da suke hawa, wanda masu goge ke ce wa jaki, ya faɗi ƙasa. Wani abu mai yauƙi yana tsatsowa daga tsagin.

Ina tsaye a wurin Isufu ya shigo da riguna a kafaɗa. Ya ajiye su a kan turmi. Ya durƙusa, ya taɓa tsagin, ya murza yatsunsa.

"Ka shanya ta?"

"Na shanya ta."

"Kamar ganga."

Ya nuna mini abin da ya manne a yatsunsa.

"Danƙo ar riƙe da ita, taubashi, babu ƙusa ko guda. Rana takan narka shi." Ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya ɗago. "Mi ya hana ka tambaye ni?"

Amsar tana bakina, kuma na tabbata ya gan ta a fuskata. Bai sake tambaya ba.

Mu biyu muka ɗauke ta zuwa gidan Papa Kosi kamar masu ɗaukar gawa. Kafin in buɗe baki Isufu ya ce laifinsa ne, shi ya manta da ita a waje. Na san gurbinsa yake sawa a wuta saboda ni, kuma na yi shiru na bar shi. Tsohon ya zagaya ta sau biyu, ya zauna, ya cire tabarau.

"Isufu, shekara biyu tana hannunka, ko raɓa ba ta taɓa ta ba. Ni na zauna Damagaram, na ga yadda makaɗanku suke yi da ganga in an yi ruwa." Ya juyo gare ni. "Ɗana, ba da mugunta ka yi ba, na sani. Amma wanda zai taɓa kayan wani bai tambaya ba, ba zan ba shi riƙon kayana ba. Gwaji ya ƙare."

Wannan "ba da mugunta ba" ta fi mari zafi, don ni na san rabin gaskiya ce.

Saura matsalar la'asar, orkes ba bas. Isufu ya ce akwai akwati a gida. Papa Kosi ya yi tsaki, amma ba shi da wata dabara. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, zuciyata ta yi tsalle. Na ce ashe rabona ne ya zo ta bayan gida, yau Kotonu za ta ji Mai Akwati. Har na fara naɗe hannun riga, sai tsohon ya ce ban san waƙoƙinsu ba, Isufu ne zai kaɗa.

Ni na ɗauko akwatin a kaina har filin bikin. Na kafa masa sanda, na ja da baya na shiga cikin 'yan kallo. Rumfuna cike da mata cikin zane iri ɗaya, ga hoton marigayiya a kan kujera. Da suka ga mutum cikin kostim ya ɗora ƙafa a kan akwatin shayi, dariya ta tashi. Na ji daɗin dariyar nan, ba zan ɓoye ba.

Sai aka fara. Waƙar farko ya kaɗa yadda na koya masa, jan sanda da saki. A ta biyu na ga hannunsa na hagu ya sauko, yana danne igiyar a jikin sandar da yatsu, yana hawa yana sauka kamar yadda yake yi a wuyan kontirbas, kuma bai daina jan sandar ba. Muryoyi suka riƙa fitowa daga akwatin nan waɗanda ban taɓa ji ba. Shekara bakwai ina taka shi, ina shanya shi, na rufe shi da rigata ruwa ya dake ni, ban san yana da su a ciki ba. Dariya ta mutu, fili ya cika da masu rawa. Can Papa Kosi ya sauke kakakinsa, ya ɗaga wa sauran hannu suka yi shiru, aka bar akwatina shi kaɗai yana magana. Wata dattijuwa ta fito ta share wa Isufu gumi da gyalenta.

Ya kamata in yi murna. An fitar da Papa Kosi kunya, taubashina bai rasa gurbinsa ba, ɓarnar da na yi ta zo da sauƙi. Na nemi murnar a cikina ban same ta ba. Da a ce a kontirbas ya fi ni, da na ce kayan aiki ne. A kan akwatina ya fi ni, da igiyata, da sandar da na sassaƙa da hannuna.

Washegari Isufu ya ce wani masassaƙi zai gyara kontirbas, amma sai ta yi wata biyu, ko zan bar masa akwatin kafin nan? Da wane baki zan hana? Ya raka ni tashar jirgi, ya cusa mini wani abu a aljihu, igiya ɗaya ce mai kauri daga cikin huɗun nan, ya naɗe ta cikin takarda. Ya ce, "Duk abin da ka ji jiya, kai ka aza harsashinshi, taubashi." Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. A jirgi na sake haɗuwa da Inna Gambi ta sayar da albasarta. Ta dubi kaina, ta dubi hannuna, ta ce, "To yau a kan mi zan zamna?" Daga nan ba ta ƙara tambayata komai ba har Malanbil.

Na samo wani akwatin daga Kamba, na ɗaura masa igiyar nan. Waɗanda suke cewa kwanan nan ina rufe rumfa da wuri, ga dalili: ina cikin ɗaki ina danna igiya a jikin sanda. Na samo uku daga cikin muryoyin da na ji, sauran sun ƙi zuwa.

Shekaranjiya wani shofer ya kawo sabon hoto. An gyara kontirbas, tana tsaye a baya. A gaba kuwa Isufu ne cikin kostim, ƙafarsa a kan akwatina, an shafa masa fenti ja. A takardar ya ce yanzu duk mai biki sai ya ce a zo da akwati, don haka Papa Kosi yana roƙo a bar musu shi. Hoton yana tasha yana zagawa. Jiya mutum uku suka leƙo rumfata don su gaya mini wai akwatina ya yi kyau ƙwarai, ba su taɓa sanin haka yake da kyau ba.